Yadda muka yi da Auta bayan 'yan aji sun mayar da in'inarsa abin dariya

Autana yana da in'ina tun yana ɗan shekara uku, kuma har ya gama aji uku na firamare ba ta taɓa hana shi surutu ba. Yaro ne mai labari, yana sarƙewa yana warwarewa, ko a jikinsa. A aji huɗu ne labarin ya ƙafe. Duk abin da aka tambaye shi amsarsa "ba komai" ko "ban sani ba", har a kan abin da na tabbata ya sani sarai. Ciwon ciki ya riƙa tasar masa da safe a ranakun makaranta, ranar hutu kuwa garau yake tashi. Sannan ya koyi wata dabara da ta fi komai tayar min da hankali: in ya hango kalma mai wuya tana tafe, sai ya kauce mata. Yana son ya ce "biro" sai ya ce "abin rubutu", yana son kiran sunan wani sai ya ce "wancan yaron". Ɗan shekara tara ya koma auna kowace kalma kafin ya furta ta.

Yayarsa da ke aji shida ce ta tsegunta min. Wasu yara uku a ajinsu sun laƙaba masa "tsohuwar mota". In malama ta ce ya tashi ya yi karatu, ya maƙale a kan wani harafi, sai ɗayansu ya yi ƙasa da murya ya ce "ta ƙi tashi, a zo a tura", aji ya kwashe da dariya. In an fita shan iska kuma su bi shi suna kwaikwayon yadda yake faɗin sunansa.

Ban tsare shi da tambaya ba, don yaron da kunya ta rufe ba ya son a zuba masa ido. Na bari sai da dare muna ninke kayan wanki, kowa idonsa a kan aikinsa, na ce, "Auta, na ji an ce akwai masu kwaikwayonka a aji." Ya ci gaba da ninke rigar da ke hannunsa, ya warware ta, ya sake ninkewa. Can ya ce, "Umma, ai gaskiya suka faɗa. Bakina ne ba shi da kyau."

Wannan amsar ce ta nuna min girman aikin da ke gabanmu. Da cewa ya yi "mugaye ne" ko "na tsane su", da da sauƙi, don hakan na nufin har yanzu yana goyon bayan kansa. Amma ya riga ya bi sahunsu. Ya karɓi hukuncin da suka yanke masa, yana kuma zartar da shi a kan kansa ko ba sa wurin. Raba shi da yaran nan uku abu ne da makaranta za ta iya yi cikin ɗan lokaci. Raba shi da wannan hukuncin shi ne ya ci watanni.

A daren nan ban ce masa bakinsa lafiya lau yake ba. Ya san yana in'ina, yana jin ta da kunnensa, in na musa ta ba zai ƙara yarda da maganata ba. Na ce, "In'ina kam kana da ita, wannan gaskiya ne. Amma cewa don haka ka cancanci dariya, wannan ƙarya ne. Abin kunyar yana wurin mai dariyar. Na ji daɗi da ka gaya min, kuma daga yau ba kai kaɗai kake ɗauke da abin nan ba." Ya yi kuka mai isarsa, na bar shi ya yi.

Abbansu da farko bai ga abin tayar da hankali ba. Ya ce wasan yara ne, wa ya tashi ba a tsokane shi ba, ga mu nan mun girma. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari. Tabbas akwai tsokanar wasa, wadda yau a kanka gobe a kan wani, in ka ce a bari a bari, a tashi ana dariya tare. Na zauna na yi karatu a kan batun don in sami hujjar da zan kafa masa, a nan na ci karo da aikin Dan Olweus, masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Suwidin da ya yi yawancin aikinsa a jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe. Tun farkon shekarun 1970 yake nazarin cin zali tsakanin ɗalibai, ya kuma ware alamomi uku da ke raba shi da wasa: ana yi da gangan don a cutar, ana maimaitawa, kuma ƙarfi bai zo ɗaya ba, wanda ake yi wa ba ya iya kare kansa. Na ce, "Abban yara, auna min da kanka. Uku a kan ɗaya, kullum, a kan abin da ba shi ya ɗora wa kansa ba. Kuma bakin da zai rama da shi, shi ne abin da suke yi wa dariya."

Na gaya masa cewa sai da yara maza uku suka kashe kansu a Norwe a ƙarshen 1982 sannan aka ƙaddamar da gangamin yaƙi da cin zali a makarantun ƙasar a 1983. Na gaya masa rahoton UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zalin 'yan'uwansa ɗalibai a cikin wata guda kafin a tambaye shi. Amma abin da ya sa shi yin shiru shi ne wani bincike da aka fitar a 2014, inda aka bi rayuwar fiye da mutum 7,000 da aka haifa a Birtaniya a 1958 har suka kai shekara 50. Waɗanda aka ci zalinsu suna yara an same su da ƙarin damuwa da baƙin ciki bayan shekaru arba'in da faruwar abin. Girma kam ana girma, amma ba kowa ke girma ya bar abin a baya ba. Abbansu ya ce, "To, me za mu yi?" Tun daga ranar muka zama mu biyu a kan aikin.

Kafin in taka makarantar sai da na zauna da Auta. Ya firgita, ya ce za a ce ya kai ƙara, abin ya ƙaru. Tsoronsa yana kan hanya. Kuma yaron da aka nuna wa a aji ba shi da ta cewa, in iyayensa ma suka yanke shawara a bayan idonsa, an ƙara tabbatar masa da haka ne. Muka yi yarjejeniya: zuwa zan je, wannan ba fashi, amma shi zai faɗi abin da za a roƙa da abin da ba ya so a yi. Ba ya so a fito da yaran gaban aji a ce su ba shi haƙuri. Ba ya so a canza masa aji. Na ɗauka zai ce a daina sa shi karatu gaba ɗaya, sai ya ce, "Ni ma ina so in yi. Jiran ne ba na so." Ashe malama tana bin benci-benci ne, shi kuma yana can baya, yana ƙirga mutum nawa suka rage, yana duba layin da zai faɗo a kansa, yana neman haruffan da za su riƙe shi. Kafin layi ya iso wuyansa ya riga ya sandare.

Na rubuta komai a takarda, abin da aka faɗa da inda aka faɗa da waɗanda ke wurin, don kada in je ina cewa "ana damun ɗana" ba tare da wani abu a hannu ba. Ban je da faɗa ba. Malamar ta ce tana jin dariyar, amma ba ta jin abin da ke jawo ta, ni kuma na yarda da ita, don a ƙasan murya ake yi. Na ce, "Malama, ba hukunci na zo nema ba, taimakonki na zo nema." Na roƙi ta riƙa kiransa cikin na farko-farko in za a yi karatu, ta bar shi ya kai ƙarshen kalma da kansa, a sami babba a inda yara ke taruwa lokacin shan iska, a kuma yi magana da yaran uku ɗaya bayan ɗaya a keɓe, tare da sanar da iyayensu. Muka sa ranar da za mu sake zama mu ga inda aka kwana. Wannan sa ranar tana da muhimmanci, don ita ce ke hana magana ta mutu a ofis.

Abin da na fi matsawa a kai shi ne sauran 'yan ajin. Mai tsokana ɗan kasuwa ne, dariyar aji ce ribarsa, ranar da ba ciniki zai naɗe tabarmarsa. Wasu masu bincike a Kanada da suka ɗauki bidiyon yara a filin wasan makaranta sun fitar da sakamako a 2001 cewa in wani yaro ya sa baki, fiye da rabin lokuta cin zalin yana tsayawa cikin daƙiƙa goma. Shirin yaƙi da cin zali mai suna KiVa da jami'ar Turku ta tsara, wanda aka baza a makarantun Finlan daga 2009, a kan wannan ya ginu: a gyara 'yan kallo, ba mai yi da wanda ake yi wa kaɗai ba. Malamar ta ɗauki shawarar. Ta yi darasi ba tare da ta ambaci sunan kowa ba, ta tambayi yara me wanda ke zaune kusa zai iya yi in ana wulaƙanta wani, ko da kuwa ƙin yin dariya ne kawai. A cikin aji abin ya lafa da wuri. A filin wasa ya fi daɗewa.

A wannan tsakanin muka kai shi wurin wata ƙwararriya a kan matsalolin magana. Abin da na fi so da ita shi ne da Auta take magana, ba da ni ba. Ta gaya masa kusan yara biyar cikin ɗari suna yin in'ina a wani lokaci na ƙuruciyarsu, yawanci tana wucewa, kuma kusan mutum ɗaya cikin ɗari na manya yana tare da ita. Ta fi yawa a maza, tana bin jini a wasu gidaje, tana da nasaba da yadda ƙwaƙwalwa ke tsara motsin magana. Ba tsoro ke kawo ta ba, ba ƙarancin basira ba, ba kuma laifin iyaye ba. Ta sa suka karanta shafi guda tare da murya ɗaya, ya wuce sumul bai maƙale ba, ya ɗago yana mamaki. Ta ce haka take, yawancin masu in'ina ba sa yi in suna waƙa ko suna karatu tare da wani. Ya tambaye ta ko zai warke. Ba ta yi masa alkawari ba. Ta ce za su koyi hanyoyin da magana za ta riƙa fita da sauƙi, amma babban burinta shi ne ya faɗi duk abin da yake son faɗa, da in'ina ko babu.

Ita ce ta ba mu dokokin gida. Ba a ce masa "yi a hankali", ba "ja numfashi", ba "sake faɗa". Ba a ƙarasa masa kalma. In ya maƙale ba a kawar da kai, ba a kuma zare ido, ana kallonsa yadda ake kallon kowa in yana magana. In ya gama, a amsa abin da ya faɗa, ba yadda ya faɗa ba. Yayarsa ce ta fi shan wuyar wannan doka, don tausayi ke sa ta cafe kalmar ta miƙa masa, sai da ta gane cewa kowace kalma da ta ƙarasa masa saƙo ne cewa ba za a iya jiransa ba. Na kuma ware wani ɗan lokaci kullum wanda nasa ne shi kaɗai, na ajiye waya, shi ke zaɓar abin da za mu yi. Wata rana hira, wata rana zane ba magana. Ban mayar da lokacin wurin binciken abin da ya faru a makaranta ba, don kada ya ɗauka ba ni da wata sha'awa a kansa sai ta rauninsa.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne batun yabo. Da dangi suka ji labari, kowa ya zo da nasa maganin, kuma duk iri ɗaya ne. Gwaggonsa ta zaunar da shi ta ce, "Kai da ka fi su ƙwaƙwalwa, ka fi su kyau, ai hassada suke yi maka, babu kamarka a makarantar nan." Da zuciya ɗaya ta faɗa. Da ta tafi sai ya ce min, "Don tana gwaggona ne." Yara ba wawaye ba ne. Wanda aji guda ya yi wa dariya ba zai goge wannan da maganar mutumin da ya san dole ya so shi ba. Wani bincike da Eddie Brummelman da abokan aikinsa suka yi a Holan, aka fitar a 2014, ya nuna yabon da aka kambama yana iya yi wa yaron da ba ya ganin ƙimar kansa illa: sai ya riƙa gudun abu mai wuya, don kada ya kasa a gane bai kai yadda aka faɗa ba. Tun 1998 ma masu bincike Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada tasirin yabo a Amurka da 'yan aji biyar. Waɗanda aka ce wa "kana da basira" sun fi saurin karaya da suka haɗu da tambayoyi masu wuya, waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu kuwa sun fi jajircewa.

Don haka na koma faɗin abin da idona ya gani kawai, abin da shi ma ba zai iya musawa ba. "Na ga lissafin nan ya ƙi fita, ka goge ka sake bi ta wata hanya." "Ɗazu ka maƙale a tsakiyar magana, ba ka canza kalmar ba, ka tsaya har ta fito." "Ƙanin abokin yayarka ya faɗi, kai ka fara zuwa ka ɗaga shi." Irin wannan ba ya cewa don ina uwarsa ne, don ya san ya faru. Ƙauna kuma na raba ta da wannan lissafin gaba ɗaya. Ita ba lada ba ce, ba sai ya yi wani abu ba. Ranar da ya kawo sakamako mai kyau da ranar da ya kawo akasin haka, tarba ɗaya yake samu.

Amma ko wannan bai isa ba, don har yanzu daga bakina yake fitowa. Masanin halayyar ɗan'adam Albert Bandura ya rubuta tun 1977 cewa abin da ya fi gina yarda da kai shi ne mutum ya yi abu da hannunsa ya ga ya iya, lallashin baki yana can ƙasa da wannan. Auta yana buƙatar wani fage da baki ba shi da aiki a cikinsa. Abbansu ne ya samo shi. Tayar keken yayarsa ta sace, maimakon ya gyara da kansa sai ya kira Auta ya miƙa masa sifana. Na tsaya daga nesa ina kallo. Ya kwance tayar da ƙyar, ya zaro robar ciki, ya buga mata iska, ya tsoma ta a bahon ruwa yana juyawa a hankali. Ya zagaya sau ɗaya bai ga komai ba. Abbansa ya naɗe hannu bai ce uffan ba. Ya sake zagayawa, a hankali fiye da da, sai ga ƙananan kumfa suna tasowa a jere daga wani wuri da ido ba ya gani. Ya ɗora yatsa a kai ya ɗago ya kalli ubansa. Ya tsane wurin, ya goge shi har ya yi kaushi, ya shafa gam, ya jira ya sha iska kamar yadda aka gaya masa, ya manna facin ya danne da babban yatsa. Da yayarsa ta hau keken ta zagaya ta dawo, bai ce komai ba, amma ya bi tayar da ido har ta tsaya, ya je ya matsa ta ya ji ko iskar tana nan.

Daga faci ya koma gyaran birki da mayar da sarƙa. Keken ne kuma ya kawo masa aboki. Na taɓa tambayarsa ko akwai wanda ba ya dariya in ana tsokanarsa, ya ambaci wani yaro mai shiru-shiru da ke zama kusa da taga. Wata rana sarƙar keken yaron ta zame bayan an tashi, Auta ya tsuguna ya mayar masa. Na nemi mahaifiyar yaron muka gaisa, suka fara ziyartar juna. Ban nema masa farin jini a aji ba, aboki ɗaya na gaske nake nema, don binciken da aka yi a kan yara 'yan firamare a Kanada, wanda aka fitar a 1999, ya nuna samun amini guda yana rage yadda cin zali ke cin yaro a rai. Na ga haka da idona. Yaron da ke tafiya shi kaɗai ya fi sauƙin tarewa.

Saura abin da zai yi in an tare shi. Abbansu yana ganin a koya masa ya rama, in ta kama da hannu. Na fahimci zafin da ke sa uba faɗin haka, amma ban yarda ba. Su uku ne, kuma ranar da ya kai hannu shi zai zama mai laifi a idon makaranta. Shawarar "share su kawai" ma ban ga amfaninta ita kaɗai ba, don ya daɗe yana sharewa, sharewar ce ta koma ciwon ciki. Muka tsaya a kan amsa gajera wadda zai iya fitarwa ko yana cikin fargaba: "E, ina in'ina. Sai me?" Sannan ya juya ya nufi inda mutane suke, ba da gudu ba. Muka riƙa gwadawa a gida, Abbansa ya zama mai tsokana, da izinin Auta kuma da sharaɗin in ya ce a tsaya a tsaya. Farkon gwaji muryarsa ba ta fita, kansa a ƙasa. A hankali ya iya tsayawa kafaɗa a miƙe, ya kalli mutum a ido. Wani lokaci ya maƙale a kan "sai me" ɗin ma, muka ce ba komai, ya ƙarasa ta a haka. Ƙarfin amsar ba a santsinta yake ba, a cikin amincewar da ke farkonta yake: abin da kuke tona min, ni da kaina na faɗe shi.

Ba a miƙe abin ya tafi ba. A zango na gaba aka yi gasar kacici-kacici tsakanin azuzuwa, ya san amsa, ya ɗaga hannu da kansa, ya maƙale a gaban makaranta guda. Wani yaro daga wani aji ya kwaikwaye shi da ƙarfi. Ya dawo gida ya shige ɗaki, da na bi shi ya ce, "Da ma babu ni." Ban ɗauki wannan a matsayin maganar fushi ba. Na zauna kusa da shi na tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, don masana sun tabbatar tambayar ba ta dasa wa yaro tunanin, hanya take buɗe masa. Ya ce a'a, so yake kawai ya ɓace daga wurin a lokacin. Duk da haka na nemi ganin mai ba da shawara a kan lafiyar tunanin yara a makon, ya kuma yi zama da shi na wani lokaci. Duk uwa ko uban da ya ji irin wannan kalma, ko ya ga barci ya lalace, ci ya ragu, yaro ya bar abin da yake so ya janye daga kowa har makonni, kada ya tsaya jiran abin ya wuce da kansa.

Mun bar shi ya huta washegarin gasar, amma ba mu bari hutun ya zarce ba, don duk ranar da aka ƙara a gida ƙofar makaranta tana ƙara nauyi. Da ya koma, abokinsa ne ya jira shi a bakin ƙofa. Na kuma tuna masa wani abu da shi bai lura da shi ba saboda zafin abin: babu wanda ya tilasta masa, shi ya ɗaga hannu, kuma amsar da ya bayar daidai ce.

Ƙwararriyar ce ta kawo shawarar ya yi wa 'yan ajinsu bayanin in'ina da bakinsa, in ya ga zai iya. Ya ce a'a, muka bar maganar. Bayan watanni shi ya tayar da ita. Malamar ta sa abin ya dace da 22 ga Oktoba, ranar wayar da kai a kan in'ina ta duniya. Ya shirya bayanin 'yan mintoci. Ya gaya musu yadda abin yake daga ciki, cewa ya san kalmar sarai, fitowa ce take ƙi. Ya gaya musu Sarki George na shida na Ingila yana da in'ina, a haka ya yi wa ƙasarsa jawabi ta rediyo ranar da ta shiga yaƙi a 1939, kuma Joe Biden ya sha tsokana a kanta yana yaro kafin ya zama shugaban Amurka a 2021. Ya gaya musu abin da yake so su yi in ya maƙale. Malamar ta ce ya maƙale sau da yawa a cikin bayanin, aji ya jira shi, daga baya yara suka yi ta tambaya, har wata yarinya ta ce kawunta ma haka yake magana. Biyu daga cikin yaran uku ba su ƙara ba. Na ukun yana yi jefi-jefi har yanzu, in ya ga ba babba a kusa, sai dai ba ya samun masu taya shi kamar da.

In'inar tana nan, wani mako da sauƙi, wani mako da nauyi, musamman in ya gaji ko yana ɗoki. Akwai kalmomin da har yau yake kauce wa, muna kan aikinsu da ƙwararriyar. Da za a shiga sabon aji da sabon malami, na fara shirin zuwa in yi bayani kamar yadda na yi a baya, sai ya ce in bari shi zai rubuta. Ga abin da ya rubuta, ban gyara masa ko harafi ba: "Malam, ina da in'ina. Ina so a riƙa tambayata kamar kowa. In na tsaya a jira ni, kada a ƙarasa min. In za a yi karatu a kira ni da wuri." Shi ya kai takardar da hannunsa. Malamin ya aiko cewa mu zo a tsakiyar zango a duba yadda abubuwa ke tafiya, ya kuma ce a zo da Auta, don da shi za a yi zaman.